Yadda ake cin yaƙi a wasan Commands & Colors: Ancients, daga Akragas har Zama

Wannan bayanin na wanda ya fara buga Commands & Colors: Ancients ne amma kullum ana lallasa shi ya rasa dalili, da kuma wanda ya ji labarin wasan yana son shiga da wayonsa. Wasa ne na mutum biyu, wani Ba'amurke Richard Borg ya ƙirƙira shi, kamfanin GMT Games ya fitar a 2006, kuma akwatin farko ya fi karkata ne kan yaƙe-yaƙen Rumawa da mutanen Kartaj, birnin nan da kufansa yake Tunisiya a yau, sai kuma ɗan abin da ya haɗa Kartaj ɗin da Girkawan Sirakus na tsibirin Sisili. Allon gida 13 ne a faɗi, 9 daga gabanka zuwa gaban abokin wasa, kowane gida kusurwa shida gare shi, sojojin kuma 'yan ƙananan katakai ne da kai da kanka za ka zauna ka manna musu sitika gaba da baya, sun haura 300, to ka nemi yaran gida su taya ka in ba haka ba bayanka zai gaya maka. Wanda ba shi da halin sayen akwatin, littafin dokokin kyauta ne a shafin kamfanin, kuma ana buga wasan a kwamfuta ta manhajar Vassal ita ma kyauta. Akwai dayis a ciki, eh, amma ba kuɗi ake zubawa ba, kar wani ya ɗauka caca ce.

Abin da sabon shiga yake cewa in an cinye shi kullum ɗaya ne, wai dayis ne ya ƙi shi. Gaskiya dayis yana da nasa rabon, amma in ka ga mutum ɗaya yana ta cin ka sau da yawa to ba sa'a ba ce, shi yana jira ne sai katunan hannunsa sun haɗu kafin ya taso, kuma yana tahowa da layinsa a haɗe, kai kuwa kana tura runduna ɗai-ɗai suna mutuwa a gaba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake juyawa.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Dayis ɗin fuska shida ne: koren da'ira, shuɗin alama mai kusurwa uku, jan murabba'i, takubba biyu a gicciye, kwalkwali, sai tuta. Launukan nan uku su ne nau'in sojoji, kore marasa nauyi, shuɗi matsakaita, ja masu nauyi. In ka jefa launin rundunar da kake duka ya fito, ka cire mata katako ɗaya. Takobi ma yana cirewa in gaba da gaba ake yi. Kwalkwali sai in akwai kwamandanka a cikin rundunar ko a gidan da ke maƙwabtaka da ita. Tuta kuma ba ta kisa da kanta, korar mutum baya take yi, amma za ka ga nan gaba ita ce ma ta fi kisa in ka iya amfani da ita.

Dakaru, wato 'yan ƙasa, katako 4 ne a runduna, mahaya dawaki 3, giwaye da karusai 2. Jajayen dakaru gida ɗaya tak suke tafiya amma dayis 5 suke jefawa, shuɗɗa gida ɗaya dayis 4. Korayen dakaru da 'yan baka da 'yan majajjawa suna tafiya gida 2, dayis 2 ne kawai nasu kuma takobi ba ya yi musu aiki, su aikinsu harbi ne daga nesa. Akwai wasu guda biyu da suke rikita mutane saboda farin zobe da ke kewaye da alamarsu. Auxilia kore ne amma dayis 3 yake jefawa, takobi yana yi masa aiki, sai dai ba ya iya zillewa in an kawo masa hari, don haka kar ka ɗauke shi kamar sauran koraye ka bar shi a gaban jajaye. Sai Warriors, mayaƙan ƙabilun Gol, wato yankin Faransa ta yau, da Sifen, shuɗɗa ne, in suna cike da katako 4 dayis 4 suke jefawa kuma suna iya ƙin tuta ɗaya, suna iya rugawa gida 2 in dai za su faɗa wa abokin gaba, amma da sun rasa katako ɗaya zafin ya ragu sun koma dayis 3. Dawakai kuwa kore gida 4 dayis 2, shuɗi gida 3 dayis 3, ja gida 2 dayis 4.

Abu biyu ka riƙe a nan. Runduna ko katako ɗaya ya rage mata da cikakken dayis ɗinta take duka, jan dakare mai katako ɗaya har yanzu 5 yake jefawa. Na biyu kuma, nasara da tutoci ake ƙirga ta, kowace runduna da ka ƙarar ko kwamanda da ka kashe tutar nasara ɗaya ce, kuma babu bambanci tsakanin 'yan majajjawa da manyan jajaye, duk ɗaya-ɗaya ne. Kaga ke nan bugun katako uku-uku a runduna huɗu bai ba ka komai ba, ƙarar da guda biyu ya fi.

Mataki na biyu: karanta fagen kafin ka taɓa ko katako ɗaya

Kowane fage a littafin yana da taswirar jeri da ɗan tarihin yaƙin, sai wani sashe da ke gaya maka kati nawa kowane ɓangare zai riƙe, wa zai fara, tuta nawa ake nema, da dokoki na musamman in akwai. Mutane suna tsallake wannan su hau jera katakai, kuskure ne babba. Yawan katin hannunka ba zaɓi kawai yake ba ka ba, shi ne kuma adadin rundunonin da wasu katunan za su motsa, mai kati 6 in ya ajiye katin motsa koraye shida zai motsa, mai kati 4 huɗu kawai. To in kai ne mai 4 ka san tun farko ba za ka iya yaƙi a dama da hagu da tsakiya duka ba, wuri ɗaya za ka zaɓa.

Sai ka ƙirga. In ana neman tuta 5, duba jerin abokin wasa ka nuna wa kanka rundunoni biyar ɗin da za ka ci, sannan ka juyo ka duba naka ka ga waɗanne biyar ne shi zai nema. Yawanci dawakai marasa nauyi ne da ke can gefe su kaɗai, da auxilia, da karusai. Waɗannan ka fara tunanin yadda za ka janye su ko ka kare su. Ka duba ƙasa ma: wanda ke hawa tudu don ya kai hari dayis 2 ne iyakarsa ko da jan dakare ne, daji ma haka, mashigar kogi ma haka, kuma shiga daji ko ruwa yana tsayar da tafiya. Jan dakare a cikin ruwa ya zama kamar kore, kar ka kai shi can.

Mataki na uku: katunan nan su ne ainihin yaƙin

Kati 60 ne a tarin. Yinka yana tafiya ne haka: ka ajiye kati ɗaya, ka nuna rundunonin da ya ba ka damar motsawa, ka motsa su duka, sannan a yi faɗa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ka ja sabon kati. An raba allon uku da layukan ɗigo-ɗigo, dama, tsakiya, hagu, kuma mafi yawan katunan cewa suke yi motsa biyu a hagu, uku a tsakiya, da sauransu. Gidan da layin ɗigon ya ratsa ta cikinsa na ɓangare biyu ne, don haka rundunar da ke kansa katin nan ma yana motsa ta na can ma yana motsa ta, wuri ne mai tsada, ka ajiye kwamanda ko jajayenka a kai in da hali.

Ga dokar da ni nake bi, kuma ita nake ba kowa: kar ka shiga faɗa a wani ɓangare sai kana da aƙalla kati biyu, in son samu ne uku, da za su ci gaba da motsa mutanen wurin. Dalili kuwa, harin farko ba kasafai yake ƙarar da runduna ba, yana raunata ta ne, abokin wasa ya rama, to in yinka ya zagayo ba ka da katin wurin sai ka zauna kana kallo ana yanka maka mutane kana motsa wasu can wani gefen da ba ruwansu. Saboda haka zagayen farko-farko na zubar da katunan banza ne. Kana da katin hagu amma ba a hagu za ka yi yaƙi ba, ajiye shi yanzu tun ba a haɗu ba, ka yi amfani da shi ka ja dawakanka baya ko ka matso da wata runduna kusa da tsakiya, sannu a hankali hannunka ya cika da katunan da kake so. Shi ma abokin wasa ka lura da abin da yake ajiyewa, in ya yi zagaye uku bai taɓa damarsa ba alhali ana harbin mutanensa a wurin, to akwai alamar ba shi da katin, nan ne ƙofa.

Akwai katunan da ba a wasa da su. Line Command yana motsa duk dakarun da ke jere manne da juna, kowa gida ɗaya, ko da layin ya ratsa ɓangare uku, kaga wanda layinsa ya tsinke ya yi asarar rabin amfanin katin. Double Time yana ba dakaru har huɗu da ke haɗe damar tafiya gida 2 su kuma yi faɗa, shi ne maganin nauyin jikin jajaye, kuma saboda shi ne tazarar gida biyu tsakaninka da jajayen abokin gaba ba aminci ba ce. Katunan kwamanda suna motsa rundunar da yake ciki da wasu uku ko huɗu da ke sarƙe da ita. Clash of Shields yana ba duk rundunarka da ke manne da abokin gaba ƙarin dayis 2, wannan in ya zo hannunka ɓoye shi za ka yi sai layi ya haɗu da layi, kar ka ɓata shi a kan runduna ɗaya. First Strike kuma a lokacin yin abokin wasa ake fito da shi, ya kawo hari kai ka riga shi duka, ya fi daɗi a kan giwa ko kan rundunar da saura katako ɗaya ko biyu.

Mataki na huɗu: layi da kwamanda

Rundunar da ke da 'yan'uwa biyu a gidajen da ke maƙwabtaka da ita tana iya ƙin tuta ɗaya. In akwai kwamanda a cikinta tana iya ƙin wata ɗayar. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda ramuwa. In aka kawo maka hari gaba da gaba ba ka mutu ba kuma ba ka ja baya ba, nan take za ka rama da cikakken dayis ɗinka, ba tare da ka kashe kati ba. Wanda aka kora baya kuwa ya sha duka a banza. To jan dakare da ke tsakiyar layi da kwamanda a cikinsa, duk wanda ya taɓa shi sai ya karɓi dayis 5, shi ya sa gogaggun 'yan wasa suke tafiya a dunƙule ko da tafiyar za ta yi jinkiri.

Bari mu yi ɗan lissafi don ka ga darajar kwamanda da idonka. Jan dakare ba kwamanda, kowane dayis fuska biyu cikin shida ne ke ci, launi da takobi, a dayis 5 abin da za ka sa rai bai kai katako biyu ba, kuma damar ka share cikakkiyar runduna mai katako 4 a bugu ɗaya ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Sa kwamanda kusa, kwalkwali ya shigo, fuska uku cikin shida ke nan, abin sa rai ya koma katako biyu da rabi, damar sharewa a bugu ɗaya ta haura zuwa kusan kashi 19. Kuma ba rundunar da yake ciki kaɗai ba, har na dama da na hagunsa suna cin wannan moriyar. Don haka wurin kwamanda tsakiyar inda za a gwabza ne, ba can baya ba.

Wasu suna tsoron kar a kashe shi. In rundunarsa ta rasa katako amma ba ta ƙare ba, dayis 2 ake jefawa kuma sai kwalkwali biyu sun fito tare zai mutu, wato 1 cikin 36, wannan ba abin tsoro ba ne. Inda haɗarin yake shi ne in rundunar ta ƙare gaba ɗaya, dayis ɗaya ake jefawa, 1 cikin 6, kuma in kwalkwali ya fito tutar nasara biyu ka bayar a lokaci guda. To da ka ga rundunar kwamanda ta koma katako ɗaya ko biyu, ka cire shi ka mayar da shi wata mai lafiya.

Mataki na biyar: harbi da zillewa

Wannan ba zan daɗe a kai ba. Mai harbi in bai motsa ba dayis 2, in ya motsa 1, kuma launi ne kawai yake ci sai tuta da ke kora. Damar ka cire ko katako ɗaya da dayis 2 kusan kashi 31 ce cikin 100, ba yawa, kar ka sa ran cin wasa da kibiya. Amfaninsa shi ne ka ɓare wa Warriors katakon farko kafin su iso, ka tsinka layi da tuta, ka tsokani giwa tun tana cikin mutanenta, ka kuma samu abin yi da katunan da kake son zubarwa. In aka taso wa korayenka gaba da gaba ka ce sun zille, su ja baya gida 2, mai harin zai jefa dayis amma launi kawai zai ci. Sharaɗin shi ne a samu hanya a bayansu, saboda haka ka bar musu 'yar kafa a layinka, kar ka toshe su da naka mutanen.

Mataki na shida: ranar haɗuwa

Idan hannunka ya cika, layinka ya matso, abin da ya rage shi ne wa zai fara duka. Yi ƙoƙari ya zama kai ne, wato ka tsaya inda shi ba zai iso ka da tafiyar gida ɗaya ba, ka bar shi ya matso, sannan ka faɗa masa. Ka zaɓi runduna ɗaya ko biyu ka tara musu mutane, biyu ko uku a kan ɗaya, an fi samun wannan a ƙarshen layinsa inda ba shi da mai dafa masa ta gefe guda.

Tsarin bugun yana da muhimmanci. Masu harbi su fara in suna da abin harbi. Sannan a cikin masu gaba da gaba ka fara da mai ƙarfi wanda ke da kwamanda, don in ya raunata ta sosai ko ya ƙarar da ita, raunanan naka ba za su sha ramuwa ba. Amma ka lura da wani abu, in bugun farko ya fitar da tuta ta gudu baya, na biyun ya rasa wanda zai duka. Maganin wannan shi ne ainihin sirrin wasan: toshe bayanta. Runduna tana ja da baya ne ta gidaje biyun da ke bayanta wajen gefen allon mai ita, in duka biyun a toshe suke, ko da mutanenta ne suka toshe, to kowane gida da ta kasa komawa katako ɗaya ne za ta biya. Jan dakare gida ɗaya yake komawa kan kowace tuta, Warriors da korayen dakaru 2, shuɗin doki 3, koren doki 4. Ka duba koren doki mai katako 3 da ke tsaye gida biyu kacal daga gefen allonsa, tuta ɗaya za ta kore shi gida 4, ya tafi biyu ya biya katako biyu, in tuta biyu ce ya mutu ko launinsa bai fito ba sam. Shi ya sa dawakan da aka jera a layin baya tun farkon fage abinci ne, naka ka matso da su gaba kaɗan ko ka sa su inda ake dafa musu, nasa kuma ka harbe su.

In ka kori runduna ko ka ƙarar da ita kana iya shiga gidan da ta bari, kuma dawakai, karusai, giwaye, Warriors da dakarun da ke da kwamanda a ciki suna samun bugu na biyu. Daɗi gare shi, amma nan ne mutane suke halaka kansu, rundunar ta yi gaba ita kaɗai ta shiga tsakiyar abokan gaba ba mai dafa mata, yinsa ya zo ya kewaye ta. Kafin ka bi sawu ka tambayi kanka, bugun na biyun zai kawo tutar nasara ne ko kuwa zafin kai ne kawai. In tutar ƙarshe kake nema, bi. In wasa da saura, sau da yawa tsayawa a layi ya fi. Rundunarka da ta koma katako ɗaya kuma, fitar da ita daga faɗan ka kai ta baya, kati ɗaya da ka kashe a kan haka ya hana shi tuta.

Giwaye

Su dokarsu daban ce. Giwa tana jefa adadin dayis ɗin da rundunar da take duka take jefawa ne, in ta faɗa wa jan dakare 5, in ta faɗa wa kore 2, kuma duk takobin da ya fito ya ci sannan a sake jefa shi. Takobi ba ya cin ta, kwamanda ba ya ƙara mata komai. In aka kore ta da tuta sai ta haukace, a jefa dayis 2 kan duk wanda ke maƙwabtaka da ita, nata da na abokan gaba, kuma in bayanta a toshe yake wanda ya toshe ne zai biya katakon. To in taka ce, kai ta kan jajaye da wuri kuma nesa da mutanenka, ka sa a ranka da wuya ta dawo. In tasa ce, koraye za ka tura mata su yi ta harbi, jan murabba'i biyu ne kawai tsakaninta da mutuwa.

Yanzu fagagen kansu

Fara da Akragas, shekara ta 406 kafin miladiyya, lokacin da Kartaj ta kewaye birnin a Sisili, Sirakus ta aiko da taimako ƙarƙashin Dafnayus. Fili ne fetal ba tudu ba kogi, shi ya sa ya dace da koyo. Mai Sirakus yana da jajayen dakaru, aikinsa kawai ya tafi da su a jere da kwamanda a ciki, ya ƙi yarda a ja shi faɗan gefe. Mai Kartaj ba zai iya tsayawa gaba da gaba da su ba, nasa shi ne harbi, da cin raunanan da ke gefe da karusai, ya tara tutoci kafin jajayen su iso. Ku buga shi sau da yawa kafin ku wuce.

Tafkin Tarasimen, 217, inda Hanibal, kwamandan Kartaj, ya yi wa Filaminiyus, kwamandan Rumawa, kwanton ɓauna cikin hazo a bakin tafki har aka kashe shi. A wasan an nuna ruɗewar Rumawa ta hanyar ba su kati kaɗan a farko, hannun yana ƙaruwa a hankali. Nan dokar jira da na faɗa a sama ta juye ga mai Kartaj, duk zagayen da ka ɓata Rumawa suna farfaɗowa ne, ka sauko musu tun suna bakin ruwa ba su da wurin ja da baya, kowace tuta ta zama katako. Mai Rum kuma abin da zai fara yi shi ne ya matsa gaba ya bar bakin tafkin, ya haɗa mutanensa su dafa wa juna.

Kanne, 216, a kudancin Italiya kusa da kogin Aufidus, shi ne wanda kowa yake ɗokin bugawa. A tarihi Rumawa ƙarƙashin Baro da Paulus sun zo da dakaru wajen 80,000, Hanibal yana da kusan rabin haka amma ya fi su dawakai, ya sa 'yan Gol da Sifen a tsakiya suna ja da baya da gangan, dakarunsa na Afirka a gefe biyu, Hasdurubal, mai jagorantar dawakansa, ya kori dawakan Rum ta wajen kogi ya zagayo ta baya aka rufe su. A allo Hanibal kati 6 gare shi, Baro 4. In kai ne Kartaj kar ka yi gardama a tsakiya, korayenka su yi harbi su zille, ka ci dawakan Rum na gefe biyu tukuna, tutoci ne masu sauƙi kuma su ne ke buɗe maka hanyar bayansa, sannan jajayenka su matso daga gefe lokacin da tsakiyarsa ta yi zurfi. In kai ne Rum, dawakanka ba za su iya ba, ja su kusa da dakaru tun da wuri, ka tara katunan tsakiya, in Line Command ko Double Time ya zo ka tafi gaba ɗaya ka fasa tsakiyar kafin gefen ya rufe. Tafiya rabi-rabi ita ce ke kashe Rum a wannan fagen, kuma cunkoson mutanenka ma haɗari ne tunda na baya suna toshe wa na gaba hanyar komawa.

Zama, 202, a ƙasar Tunisiya ta yau, nan abin ya juye, Sifiyo, kwamandan Rumawa, shi ne ke da dawakai saboda Masinisa sarkin Numidiya ya koma wajensa, Hanibal kuma ya jera giwaye 80 a gaba. Sifiyo ya bar hanyoyi a tsakanin rundunoninsa giwayen suka bi ta ciki, dawakansa suka kori na Kartaj sannan suka dawo ta baya. Mai Kartaj a allo ya yanke shawara tun zagayen farko, ko ya saki giwayen nan take in yana da katin dawakai ko na jajaye, ko ya kawar da su daga gaban layinsa, barin su tsaye a wurin ana harbinsu shi ne mafi muni don haukarsu a kan mutanensa za ta ƙare. Mai Rum ya sa koraye a gaba, kar ya kai dawakai kusa da giwa don tutar da giwa ta jefa wa doki tana ƙara masa gida ɗaya a gudun, ya jira giwayen su ƙare sannan ya saki Masinisa a gefe.

Fagagen nan da yawansu ba a daidaita su ba da gangan, tunda tarihin ma ba daidai yake ba, wani ɓangaren ya fi wani ƙarfi ƙarara. Yadda ake yi shi ne ku buga sau biyu, ku musanya ɓangare a karo na biyu, sannan a haɗa tutocin wasa biyun, wanda nasa suka fi yawa shi ya ci. Wannan yana canza lissafi, in kana riƙe da ɓangaren da ba shi da ƙarfi kuma ka ga wasan ya tafi, kar ka watsar, tuta 4 da ka ƙwata a Kanne kana Rum maimakon 2 tana iya zama ita ce za ta raba ku bayan an juya allon.